Keken tura jariri mara nauyi: ki fara duba kujerar

'Yar'uwa, kin tambaya wane keken tura jariri ya dace da uwa mai yawan zirga-zirga, ga shi yaronki bai cika wata uku ba. Maganar watannin nan ce ta fi tsaya min a rai. Kafin ya kai wajen wata 6 wuyansa bai yi ƙwari ba, don haka ki nemi wanda kujerarsa ke kwantawa sosai. Da yawa cikin marasa nauyin ba sa yin haka, ki gwada da hannunki.

Nauyi kuwa, kilo 6 zuwa 7 ya yi. Ki tabbatar yana naɗuwa da hannu ɗaya. Na farkon da na saya, sai na kwantar da yarinyata a kujerar mota, na haɗa da hannu biyu da ƙafa kafin ya naɗu, ita kuma tana ta tsala kuka.

Ki taka birkin ki ji ya kama, ɗamarar kuma ta zama mai maɗauri 5. Don Allah kada ki rataya jaka a mariƙinsa, nan take yake tuntsurewa ta baya da yaro a ciki. Kaya a kwandon ƙasa ake sa su.