Hukuncin Sauraron Kundin Busar Saksofon da Babu Waƙa a Cikinsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Chicago ta Amurka. Wani abokin karatuna da ba musulmi ba, mai busa saksofon a salon jaz, ya fitar da kundinsa na farko. Ya turo mini in saurara in ba shi ra'ayina, ya kuma gayyace ni bikin ƙaddamarwa a wani kulob. Busa ce zalla da ganga da fiyano, ba waƙa. An ce Ibn Hazm ya halatta kiɗa. Zan iya sauraro?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ka jingina da cewa "ba waƙa", alhali nan ne matsalar take. Waƙa zance ce, mai kyau da mummuna ana gane su ne ta kalmominta. Kayan kiɗa da busa kuwa hukuncinsu daban ne. Saksofon ƙarfe ne mai ɗan harshen kara a bakinsa, iska ke kaɗa shi kamar algaita, don haka yana cikin mazamir, wato kayan busa. Cire waƙa bai taɓa hukuncin busar ba. Mazhabobi huɗu sun tafi a kan hana sauraronta da gangan, kuma za ka ga haka a ƙarshen Risala, littafin fiƙihun Malikiyya.

Game da Ibn Hazm, malamin Andalus wanda ya rasu a 456 bayan Hijira, ya gina maganarsa a kan cewa hadisin ma'azif (wato kayan kiɗa, wanda ya zargi masu halatta su) da ke cikin Bukhari yankakke ne, saboda Bukhari ya ce "Hishamu ɗan Ammar ya ce", bai ce "ya ba mu labari" ba. Wannan illa ba ta tsaya ba. Hishamu malamin Bukhari ne, sun haɗu, ya ji daga gare shi, kuma Bukhari ba mai tadlisi ba ne, wato ba ya nuna kamar ya ji hadisi daga malami alhali bai ji ba. Ko da an sallama wa Ibn Hazm, Ibn Hibban da Ɗabarani da Baihaƙi sun kawo hadisin da isnadi a sadar, wato jerin masu ruwaya ba yankewa. Ibnus Salah ya mayar wa Ibn Hazm da martani, Ibn Hajar kuma ya tattaro hanyoyin a Fathul Bari. Shakkar mai ruwaya tsakanin Abu Amir da Abu Malik ba ta cutarwa, domin dukansu sahabbai ne. Shi kansa Ibn Hazm hujjarsa rashin ingancin hadisi ce, to ga shi ya inganta. Sassaucin da Ibn Kinana, malamin Malikiyya, ya yi a kan zummara (wani abin busa) kuwa a babin walimar aure yake, bai kai ga kundinka ba.

Ka bambance ji da saurare. Abin da ya shiga kunnenka a kanti ko tashar jirgi ba laifinka ba ne. Sa abin sauraro a kunne ka bi kundi daga farko zuwa ƙarshe don ka tantance shi, wannan saurare ne.

Kulob da ake zagaya giya a teburi ba wurin zamanka ba ne, babu saɓani a nan.

Amma kada ka wulaƙanta abokinka, kada kuma ka yi masa ƙaryar cewa ka saurara. Ka gode masa da ya daraja ra'ayinka, ka gaya masa dalilinka a fili, ka gayyace shi cin abinci a madadin kulob. Ina jin kaɗaicin baƙunta a wasiƙarka. Ka riƙe masallacin da ke kusa da kai da abokan zama na gari, ka ware wa Alƙur'ani lokaci bayan Asuba.

Wallahu a'alam.