Amsa: Shin rediyon 'yan gurguzu ne ya juya zukatan Sinawa?

Malam, ka tambaya ko farfagandar rediyo ce ta sa talakawan Sin suka bi Mao Zedong, jagoran 'yan gurguzu. A ganina a'a, yunwa da tsadar rayuwa sun riga rediyon shiga gidaje.

Tashar rediyon Xinhua ta 'yan gurguzu da ke Yan'an, garin da ya zama sansaninsu, ta fara watsa shiri a Disambar 1940 da na'urar da Zhou Enlai, ɗaya daga cikin shugabanninsu, ya kawo daga Tarayyar Sobiyet. Ba ta da ƙarfi, har ta tsaya a 1943, sai 1945 ta dawo. Manomi nawa ne ma yake da akwatin rediyo a lokacin?

Abin da ya ci mutane shi ne kuɗi. Gwamnatin Chiang Kai-shek, wadda ke mulkin Sin a lokacin, ta riƙa buga takardun kuɗi don biyan yaƙi da Japan, sannan yaƙin basasa da 'yan gurguzu. A Agustan 1948 ta fito da sabon kuɗi, guda ɗaya a kan tsoho miliyan 3, ta tilasta wa jama'a miƙa zinariyarsu. Cikin 'yan watanni ya zama takardar banza. Wannan yana ba ni tausayi ƙwarai: malaman makaranta da ƙananan ma'aikata suna karɓar albashi da safe, kafin yamma bai isa mudun shinkafa ba. Irin waɗannan ne suka fara kasa kunne ga tashar 'yan gurguzu a ɓoye.