Wanke injin mota a gida: amsa ga ɗan'uwa mazaunin ƙasar sanyi

Wani ɗan'uwa da ke aiki a Turai ya rubuto mana cewa hunturu ya wuce ya bar masa farin gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara, da maiƙo, a cikin bonet, ga lokacin kai mota gwajin lafiya ya matso. Yana tambaya ko zai iya wanke injin da kansa a ƙofar gida.

Za ka iya, ɗan'uwa, amma fara da tambayar inda ruwan zai tafi. A garuruwa da yawa magudanar ruwan sama da ke bakin titi kai tsaye take zubawa rafi, ba ta bi ta matatar ruwa. Shi ya sa a Jamus ƙananan hukumomi da dama suka hana wanke mota a titi, wankin inji kuwa sai a wurin da aka gina masa ramin raba mai da ruwa. Duba dokar garinku da takardar hayar gidanka. In an hana, ka tsaya ga goge-goge da tsumma, ko ka kai ta wurin wanki mai lasisi. Tara kan irin wannan abu ba ta dace da mai lallaɓa takardun zama ba.

In an halatta, bari injin ya huce tukuna, aƙalla awa ɗaya bayan tuƙi, har sai ka ɗora tafin hannu a kansa ba ka janye ba. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana iya tsaga shi, musamman bakin salansa inda yake haɗe da inji, kuma sabulu yana bushewa nan take ya bar tabo. Cire makulli, sannan ka kwance kan batir mai alamar ragi, galibi da sifana lamba 10, ka kawar da wayar gefe. Fankar lagireto ta wasu motoci takan tashi da kanta ko da mota a kashe take, kuma yatsa ba ya tsira daga gare ta. Ka tabbata kana da lambar sirrin rediyo kafin ka cire, don wasu sukan kulle.

Kafin ɗigon ruwa ya taɓa komai, kwashe ganyaye da ƙasar da suka taru a ƙasan gilashin gaba, inda ramukan tsiyayar ruwa suke. Idan suka toshe, ruwan sama cikin mota yake komawa. Daga nan sai rufi, wanda shi ne rabin aikin. Sa leda ka ɗaure da salatif a kan altaneta (na'urar da ke cajin batir), akwatin fiyus, ƙwaƙwalwar mota (kwamfutar da ke sarrafa inji) in tana cikin bonet, kwayil-kwayil na filogi, da bakin da inji ke shaƙar iska. Wannan na ƙarshe kada ka yi masa sakaci ko kaɗan: ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya shiga silinda da yawa fistin ya buga shi, sandar fistin ce ke lanƙwashewa, inji ya tashi aiki. Danna sandar awon baƙin mai ta zauna sosai, ka ƙara matse murfin baƙin mai da na man birki. Man birki yana zuƙar ruwa, kuma da zarar ya sha, saurin tafasa yake yi idan birki ya ɗau zafi.

Sabulun cire maiƙo wanda ake sirkawa da ruwa za ka saya, ka sirka yadda aka rubuta a jikin robar. Fetur, kananzir da man dizal ba su da wuri a nan: suna cin roba, suna kama wuta. Shimfiɗa kwali ko tabarmar tsotse mai a ƙarƙashi. Fesa daga ƙasa zuwa sama, ka ba shi minti 3 zuwa 5, ka bi da burushi mai laushi, lunguna kuma da tsohon burushin haƙori. Kada ka bari ya bushe, don sabulu mai ƙarfi yakan bar farin dabbare a jikin alminiyom.

Wajen ɗauraya mutane suka fi ɓata motocinsu. Injin fesa ruwa mai ƙarfi yana tura ruwa ya wuce robar da ke tsare mahaɗar wayoyi, ya kwanta a ciki, bayan makonni tsatsa ta fito, fitilar inji ta kama, ka rasa dalili. Mesa mai zubo ruwa a hankali ta isa, kai ma da kwalbar feshi ta lambu mai lita 2 za ka gama. Hannu ya fi ruwa aiki a nan.

Tsane da tsumma, ka busa iska a mahaɗan wayoyi in kana da abin busawa, ka bar bonet a buɗe awa guda. Cire ledojin duka, ka ƙirga su kamar yadda ka sa, don wadda aka manta a bakin iska shaƙe inji take yi. Mayar da batir, tayar da mota ta yi minti 10 zuwa 15. Ɗan kukan fambel na farko ba komai ba ne. In inji na kakkarwa, ruwa ya sauka ramin filogi: kashe, zare kwayil, busar da ramin. Kada ka fesa man ƙyalli a kan fambel, zamewa zai riƙa yi.

Idan motarka haibirid ce (mai aiki da mai da kuma lantarki) ko ta lantarki zalla, duk wayar da ka gani mai launin ruwan lemo tana ɗauke da ɗaruruwan bolt. Kada mesa ta kusance ta, goge robobin sama da ɗanyen tsumma ka tsaya nan.

Game da gwajin, wanki ba ya rufe yoyo. Yi shi mako guda kafin ranar, ka yi tuƙi kwana biyu, ka haska tocila: inda sabon mai ya jiƙa, nan za ka nuna wa makaniki. Kwalin da tsummokaran da suka sha mai kuma ka kai su wurin karɓar shara mai guba na garinku, kada su shiga kwandon gida.