Ƙafa da keke a sanyin Holan

Ƙanena, saƙonka ya iso. Allah ya sanya albarka a gurbin da ka samu a Jami'ar Wageningen. Ka ce an faɗa maka keke ne abin hawan ɗalibi a nan, ƙafarka kuma ba ta jure sanyi, shi ya sa kake son ka cika jaka da safa masu kauri daga Kantin Kwari.

Maganar keke gaskiya ce. A Holan kekuna sun fi mutane yawa, farfesan da zai koyar da kai ma a kan nasa zai zo aji ko ana ruwa. Safar ce dai ban yarda ba.

Sanyin da ka sani a gida busasshe ne, iyakarsa ya sa maka kaushi da faso. Na nan jiƙaƙƙe ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu awon yanayi yakan yi ta yawo kusa da sifiri zuwa digiri 6 ko 7, dusar ƙanƙara sai jefi-jefi. Abin da ba ya fashi shi ne yayyafi da iska, ƙasar kuma shimfiɗe take, babu tsaunin da zai tare maka. A kan keke cinya ce ke aiki, yatsun ƙafa suna zaune a kan feda iska na dukansu, jiki kuma da ya ji sanyi sai ya janye jini zuwa ciki ya bar su. Idan danshi ya haɗu da wannan, kafin ka isa aji ba ka jin yatsunka.

Safar da za ka samu a kasuwa yawanci ta auduga ce, ita kuwa auduga shan ruwa take yi ta riƙe, har gumin ƙafarka. Ka nemi ta ulu, musamman wadda ake kira merino, domin ko ta ɗan jiƙe tana riƙe ɗumi. Sannan kada ka jera safa biyu ko uku ka cusa ƙafa a takalmin da dama daidai yake maka. Matsewa za ta hana jini gudu, sanyin ya ƙaru. Ɗumin yana cikin iskar da ta maƙale tsakanin ƙafa da takalmi ne, don haka ka sayi mai hana ruwa shiga, wanda ya ɗara lambarka da ɗaya, yadda za ka iya motsa yatsu a ciki. Kambas na yadi ka ajiye shi sai bazara.

Yawancin ruwan da ke jiƙa ƙafa ma daga ƙasa yake zuwa, tayar gaba ce ke watso shi. In za ka sayi keke na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, ka duba murfin tayoyinsa, na gaban ya sauko sosai. Wandon ruwa kuma ya zama dogo, ya rufe bakin takalmi. Gajere tattara ruwa yake yi ya zuba maka shi ciki. Akwai wata rigar roba da ake ɗora wa takalmi, ana samunta a Decathlon, wani shagon kayan wasanni, ba ta da kyan gani amma tana aiki. Wasu ɗalibai leda suke sawa a kan safa. A gajeriyar tafiya babu laifi, in ta yi nisa gumi zai taru ka koma gidan jiya.

Ga abin da Bature ba zai faɗa maka ba: alwala. A Disamba Azahar, La'asar da Magariba duk suna faɗowa cikin kamar awa huɗu, rana na faɗuwa wajen huɗu da rabi. In ka wanke ƙafa, ka goge ta sosai har tsakanin yatsu kafin ka mayar da safa, ka riƙa yawo da ɗan tawul da busasshiyar safa a jaka. Hukuncin shafa a kan huffi ko safa kuwa, ka zauna da malaminka tun kana gida, domin malamai sun bambanta a kan sharuɗɗansa.

In ka dawo ƙafa ta ƙandare, kada ka manna ta a jikin hita ko ka tsoma a ruwan zafi, yatsu kan kumbura su yi ja da ƙaiƙayi. Ruwa mai ɗumi-ɗumi ya isa. Takalmi kuma ka cusa masa tsohuwar jarida ya kwana nesa da hita, ka goge farin tabon gishirin da ake watsawa a titi saboda ƙanƙara, don yana cin fatar takalmi.

Tunda a Satumba za ku fara, kana da lokaci. Ka bari ka zo, mu zaga shagunan gwanjo na nan a Oktoba. Ka gaishe min da su Umma.