Bulus da Yakubu sun saɓa ne kan ceto?

Ɗan'uwa ka ce Bulus a Romawa 3:28 ya ce ta bangaskiya ake barata mutum, wato Allah ya ɗauke shi mai adalci, Yakubu 2:24 kuma ya sako ayyuka, wai wa za ka bi. Ni dai ban ga faɗa ba. Bulus da masu dogara ga kaciya da shari'ar Musa yake, Yakubu kuwa da wanda zai ga ɗan'uwa tsirara da yunwa ya ce masa sauka lafiya bai miƙa ko loma ba, ai wannan bangaskiyar gawa ce. Duba Afisawa 2:8-10, alheri ne ya cece mu, aikin kirki ya biyo baya. Cocin Katolika da na Lutheran ma da suka daɗe suna wannan gardama tun zamanin Martin Luther, wanda Lutheran suka samo suna daga gare shi, sun sa hannu kan matsaya ɗaya a birnin Augsburg na Jamus a 1999, duk da ba komai suka daidaita ba.