Asibitin garinmu ungozoma ce kawai babu likita, in bar matata ta haihu a hannunta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Matata tana da ciki wata shida, kuma shi ne na fari. Ƙaramin asibitin garinmu a jihar Jigawa ba shi da likita, ungozoma ce ke karɓar haihuwa, da wasu mata biyu da ke taya ta. Mahaifiyata ta ce mu tara duk a ɗaki ta haife mu, kuma tsohuwar da ta yanke mana cibiya tana nan da ranta. Wani abokina kuwa ya ce in kai ta asibitin kuɗi a birni, inda likita zai tsaya a kanta. Wane irin karatu ungozomar asibiti ta yi? Zan iya sakin jiki da ita?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya raba lafiya.

Idan awo ya nuna cikin nan lafiya ƙalau yake, hannun ungozomar da ta yi karatu ta samu lasisi shi ne inda ya dace matarka ta haihu. Ba maneji ake yi da ita don an rasa likita ba. Karɓar haihuwar da ta zo daidai aikinta ne tun asali, ko a manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya ita ce a bakin gado, likita sai an kira shi. Sai dai amsar tana da sharaɗi: ka tabbatar ungozoma ce ta gaske, tana da kayan aiki, kuma akwai hanyar da za a bi a kai babban asibiti idan abu ya juya.

Karatun nata ba na wasa ba ne. Hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, wadda aka kafa a 1979, ita ke tsara manhaja, ta shirya jarrabawar ƙarshe, ta ba da lasisin da ake sabuntawa lokaci-lokaci. Yarinyar da ta gama sakandare da kiredit biyar, a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, takan yi shekara uku a makarantar ungozoma. Wadda ta riga ta zama nas mai rajista takan ƙara wata 18. Akwai masu zuwa jami'a su yi digirin jinya na shekara biyar, akwai kuma ungozomar karkara mai karatun shekara biyu, wadda ake ɗaukowa daga ƙaramar hukumarta da nufin ta koma ta yi wa mutanenta aiki. A 'yan shekarun nan makarantun suna rikiɗewa zuwa kwalejoji masu ba da difloma, ana shiga ta hanyar JAMB. Kowace hanya aka bi, babban kaso na karatun ba a aji ake yin sa ba. A ɗakin awo da ɗakin haihuwa ake yi, dare da rana, ɗaliba na riƙe da littafin da malamarta ke sa wa hannu duk lokacin da ta karɓi haihuwa ko ta yi ɗinki a gaban idonta.

To amma ba duk mai farin kaya ce ungozoma ba. Yawancin matan da ke ƙananan asibitocinmu na karkara ma'aikatan lafiyar al'umma ne, waɗanda ake kira CHEW, da suka fito daga makarantun fasahar lafiya. Tun 2014 gwamnatin tarayya ta yarda a ba su ƙarin horo su riƙa karɓar haihuwa saboda ƙarancin ma'aikata, kuma da yawansu na ƙoƙari matuƙa, amma karatunsu ya bazu ne a kan rigakafi da zazzaɓi da gudawa da sauransu, bai zurfafa a kan ciki da naƙuda kamar na ungozoma ba. Ina zaton matan biyun da ka ambata irinsu ne. Tambayar da za ka yi cikin ladabi ita ce: idan naƙuda ta tashi da ƙarfe biyu na dare, wa za a tarar? Ungozoma ɗaya ba za ta iya kwana a asibiti kullum ba. Idan gidanta na kusa kuma ana iya kiran ta a waya, madalla.

Maganar abokinka kuma, kuɗi ba ya sayen zaman likita a bakin gado. Akwai asibitocin kuɗi masu kyau. Akwai kuma waɗanda likitan yakan leƙo da yamma bayan ya tashi daga aikin gwamnati, masu kwana da mai naƙuda kuwa 'yan mata ne da suka koyi aikin a nan cikin asibitin, ba su taɓa zama a aji ba, ba su da lasisi. Ni dai in za a ba ni zaɓi tsakanin wannan da ungozoma mai rajista a asibitin ƙauye, ta ƙauyen zan ɗauka.

Bari in nuna maka abin da take yi a daren haihuwa, don daga waje mutum zai ɗauka zaman jira kawai take. Da zuwan mai naƙuda za ta auna jininta da zafin jikinta, ta shafa cikin ta ji yadda yaro ya kwanta da inda kansa ya sauko. Za ta ɗora abin saurare a kan cikin ta ƙirga bugun zuciyarsa, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 110 da 160 a minti ɗaya, ta kuma maimaita kusan duk rabin awa. Duk awa huɗu takan sa safar hannu ta duba buɗewar bakin mahaifa, daga santimita biyar da naƙuda ta kankama har zuwa goma. Idan faya ta fashe za ta duba launin ruwan, domin kore-kore alama ce yaro ya yi kashi a ciki, mai yiwuwa ya galabaita. Duk wannan tana rubuta shi a takarda guda, awa bayan awa. Takardar nan ita ke tona asirin naƙudar da ta tsaya tun kafin uwa ta jigata. A haihuwar fari, daga lokacin da naƙuda ta kankama ba a cika wuce awa 12 ba kafin bakin mahaifa ya gama buɗewa. Wadda rana ta fito ta faɗi tana kan gwiwa, wata ranar ta sake fitowa, ta shiga doguwar naƙuda, kuma ita ce ke kai matanmu asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina: kan yaro ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu har naman ya mutu ya huje.

Wurin da karatunta ya fi bayyana shi ne bayan yaro ya faɗo, daidai lokacin da 'yan uwa suka fara hamdala suna kiran waya. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu jego, kuma yana iya gamawa da mace lafiyayya cikin awa biyu. Shi ya sa cikin minti ɗaya da fitowar jariri ungozoma ke yi wa uwa allurar oksitosin a cinya don mahaifa ta tsuke, sannan ta fito da mabiyiya a hankali, ta shimfiɗa ta ta duba ko wani yanki ya maƙale a ciki. Jinin da ya kai rabin lita ya wuce ƙa'ida. Matsalar ita ce ido na yaudara, jini ya jiƙe zani da katifa a ce ai kaɗan ne. Wani babban bincike mai suna E-MOTIVE da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya gwada shimfiɗa wa mai jego wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, da kuma haɗa magungunan a ba da su lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma akasarin aikin ungozomomi ne suka yi shi. Ga wani abu da ba kowa ya sani ba: oksitosin ba ta son zafi, a firij ake ajiye ta. Wadda ta yi watanni a kan kantar kemis a zafin bazara ta rage ƙarfi. Don haka ka tambaya ko asibitin na da firij mai aiki, ko kuma suna ajiye ƙwayar misoprostol da ba ta buƙatar sanyi, da allurar magnesium sulphate ta jijjiga, da 'yar jakar hura wa jariri iska idan ya fito bai yi kuka ba.

Mahaifiyarka gaskiya ta faɗa, mata da yawa na haihuwa a ɗaki lafiya. Amma kusan mace 15 cikin kowace 100 masu ciki sukan gamu da matsalar da ke iya kai wa ga halaka, kuma galibi ba a sanin wace ce sai abin ya zo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin biyar ba, kuma ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. Tsohuwar da ta yanke muku cibiya kuwa, a al'adarmu ma sau da yawa sai an haihu ake kiran ta, ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta kula da mai jego. Wannan aiki ne mai daraja, kada ku kore ta. Ku tafi da ita asibiti ta zauna kusa da matarka, domin Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ba da shawarar a bar mai naƙuda da wadda ranta ya kwanta da ita. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne danna ciki, da yankan gishiri, da jiƙe-jiƙen gaggauta naƙuda, da kiran mai kemis ya zo gida ya yi allurar naƙuda. Allurar nan ta oksitosin da ke ceton rai bayan haihuwa, idan aka yi ta barkatai yaro na ciki, tana iya fasa mahaifa.

Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni ba da yawan likitoci suka fara ba. Suwidin ta rage mutuwar masu haihuwa sosai tun ƙarni na 19, kafin zuwan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ta hanyar horar da ungozomomi da tura su ƙauyuka. A Niu Zilan yau mace kan zaɓi ungozoma guda ta bi ta tun daga awo har makonni shida bayan haihuwa, likita na shigowa ne in an ga matsala. Binciken da aka yi kan irin wannan tsari, akasari a ƙasashe masu arziki, ya nuna ana samun ƙarancin tiyata da jan yaro da ƙarfe, kuma matan sun fi gamsuwa. Mu ma an gwada kai ungozoma karkara. A 2009 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin MSS, aka tura sababbin ungozomomi da waɗanda suka yi ritaya, huɗu a kowane ƙaramin asibiti, ƙananan asibitoci huɗu kuma a jingine da babban asibiti guda. Tsarin ya yi kyau a takarda, amma rashin biyan alawus da rashin muhalli suka sa da yawa suka tattara kayansu, musamman waɗanda aka kawo daga nesa ba su jin harshen mutanen gari. Daga baya shirin Women for Health da aka fara a 2012 a Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara ya bi ta wata hanyar: a ɗauko 'yar ƙauye, a shirya ta ta ci jarrabawa, ta yi karatu, ta koma gida. Ba mamaki ungozomar garinku ta irin wannan hanya ta fito.

A nan ƙaramin asibiti ya fi babba da abu ɗaya. A babban asibiti mace za ta ga fuska daban a kowane awo, ranar haihuwa kuma ta tarar da wadda ba ta taɓa gani ba. A garinku mutum ɗaya ce za ta auna ta wata bayan wata, ta san yadda jininta yake, ta lura idan fuska ta fara kumbura. Wannan na da muhimmanci a cikin fari, domin jijjiga ta fi kama masu shi, sannan ga kunya, yarinya na ciwo ta danne ta ƙi faɗa. Wadda ta saba da ita za ta faɗa wa. Saboda haka kada matarka ta tsallake awo. Shawarar da ake bi tun 2016 ita ce a ga ma'aikaciyar lafiya aƙalla sau takwas, kuma yawancinsu a watanni ukun ƙarshe suke, wato waɗanda ke gabanku yanzu.

Akwai cikin da ungozoma da kanta za ta ce ba nata ba ne: hawan jinin da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, tagwaye, yaron da ya kwanta a gicciye ko ya zo da ɗuwawu, mabiyiyar da ta tare hanya, ciwon suga, sikila, ƙarancin jini mai tsanani, ko yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba. Idan ta ce ku tafi babban asibiti, kada ku ɗauka gazawa ce, kada kuma a tsaya jiran shawarar dangi. Ka bar izini tun yanzu cewa ko ba ka gari a fita da ita.

Kafin wata na takwas ku je babban asibiti sau ɗaya a yi hoton ciki, a san rukunin jininta, ka kuma yi magana da 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini. Ka ajiye kuɗin mota daban, ka riƙe lambar direban da zai tashi da dare. A wasu garuruwan Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW na da masu aikin sa-kai na ɗaukar mata masu naƙuda, ka bincika a tasharku. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, zubar jini, fashewar faya ba naƙuda, ko yaro ya rage motsi, duk ba a kwana da su a gida. Idan kuma za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta tafi da katin awonta, ta kai shi asibitin can tun kafin naƙuda, kai kuma ka sake yin waɗannan tambayoyin a can.