An kama mijina da tiramadol a tirela, shin kisa ne hukuncinsa?

Tambaya: Barista, mijina direban tirela ne. Jami'an NDLEA sun tare shi a hanyarsa daga Legas zuwa Kano, suka tarar da katan-katan na tiramadol a ƙarƙashin kayan da ya ɗauko. Ya rantse bai san da su ba. Ana ta gaya mini kisa ne hukuncinsa. Ina mafita?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya kawo masa mafita. Batun kisa ki cire shi daga ranki. Gaskiya ne a 2024 Majalisar Dattawa ta amince da shi, amma bai zama doka ba.

Duk da haka lamarin ba ƙarami ba ne. Sashe na 11 na dokar NDLEA ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya shigo da miyagun ƙwayoyi, ko ya yi safararsu, ko ya sayar. Wanda aka samu da su a hannunsa yana sane, shekara 15 zuwa 25. Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke sauraron irin wannan shari'a. A aikace alƙalai kan yanke ƙasa da rai da rai, suna duba yawan kayan, da rawar da mutum ya taka, da ko laifinsa na farko ne. Amma fa katan-katan ba ƙulli ɗaya ba ne, yawan zai yi masa nauyi.

Shari'ar mijinki a kan abu ɗaya za ta tsaya: ya sani ko bai sani ba? Rantsuwa ba ta isar alƙali. Wa ya yi lodin, a wace tasha, yana wurin ko ba ya nan? Ina takardar kayan? Wa ya biya kuɗin dako, nawa? In kuɗin ya zarce abin da aka saba biya, mai gabatar da ƙara zai ce ladan rufa asiri ne. Ki tattara waɗannan tun yanzu, kafin masu kayan su kashe wayoyinsu.

Abin da ya fi kayar da direbobi shi ne bayanin da suke sa wa hannu a tsare. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba shi damar yin bayani a gaban lauyansa. In an riga an tilasta masa, lauya zai ƙalubalanci takardar ranar da aka miƙa ta a kotu. In babu halin ɗaukar lauya, ku je ofishin Legal Aid Council.

Idan kuwa ya gaya wa lauyansa a asirce cewa ya sani, ni ba zan ba shi shawarar jan shari'a ba. Sashe na 270 na dokar 2015 ya halatta sasantawa da mai gabatar da ƙara: ya amsa laifi, a rage tuhuma ko hukunci.

Masu cewa ki kawo kuɗi su "gyara magana" kuma, kada ki ba su ko sisi, cin hanci wani laifin ne daban. Beli a kotu ake nemansa. In hukunci bai yi muku daɗi ba, kuna da kwana 90 ku ɗaukaka ƙara.